Waina a Tandar Kamalam

Hajiya Sailuba ta san Indiya tun kafin ta taɓa ganin Ba'indiye ido da ido. Indiyarta tana cikin wata tsohuwar talabijin a Gwammaja. Ƙasa ce ta tsaunuka da furanni, inda ruwan sama ke sauka daidai lokacin da zuciya ta karye, kuma kowa a cikinta ya iya rawa. Ta yi shekaru tana kallo har kunnenta ya ɗauki Indiyancin. Ta iya gaisuwa, ta iya rantsuwa, ta iya cewa "fita daga gidana" da muryar attajirin uba. Saboda haka da ta sauka a Germantown, can Amurka, wajen 'yarta Rumasa'u, ta ga tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu sanye da sari, sai ta ji kamar ta gamu da 'yar uwar da aka daɗe da rabuwa.

Kowace safiya tsohuwar takan tsuguna a bakin ƙofarta, ta ajiye wani baƙin faranti mai faɗi, ta ɗebi garin shinkafa da yatsu biyu tana zubawa a kai. Ɗigo-ɗigo da farko, sannan farin zare ya riƙa bi ta tsakaninsu, yana lanƙwasa, yana kewaya, har ya koma inda ya taso. Hajiya ta yi kwanaki tana leƙe. Ran nan ta gyara mayafi, ta buɗe ƙofa sosai, ta haɗa tafukan hannuwanta a ƙirji kamar yadda ta ga ana yi.

"Namaste, bahan ji. Kesi ho?"

Tsohuwar ta ɗago, ta yi ɗan murmushi, ta kaɗa kai irin kaɗawar da ba a'a ba ce ba kuma i ba ce. Ta faɗi wata doguwar magana mai gangarawa kamar an zuba tsakuwa a ƙwarya, ta ɗauki kwanon garinta ta shige.

Washegari Hajiya ta ƙara jimla biyu. Wanshekare ta ƙara uku. Amsar ba ta canza ba.

"Ke," in ji ta da yamma, don ba ta kiran sunan Rumasa'u, 'yar fari ce, "matar nan kurma ce ko girman kai ne? Na yi mata Indiyanci tsantsa, irin na masu kuɗi ma, ta dube ni kamar na zo bara."

Rumasa'u ta yi dariya da rabin baki, don abin da ke cin ta daban ne. Bizar Hajiya ta wata shida ce, an ci fiye da rabi, kuma har yanzu 'yarta Afnan ba ta ce wa kakarta ko kalma ɗaya da Hausa ba. Tana ji sarai. A ce mata ta ɗauko buta, za ta ɗauko. A zage ta da wasa, za ta turo baki. Amma amsa sai da Turanci, Hajiya kuwa ko "zo" ba ta sani ba da Turanci. Sai su zauna a kujera ɗaya, kaka na yi wa jika kitso, kamar mutum biyu a gaɓa biyu na kogi suna ɗaga wa juna hannu.

Ba haka aka haifi yarinyar ba. Da can tana yin Hausar. A wata Sallah, a gidan Dokta Almu, babban likitan da kowa ke kira Baba, ta durƙusa ta gaishe da manya da Hausarta mai karkatar harshe. Falon ya ɗauki dariya. Aka ce ta sake. Ta sake, aka fito da wayoyi ana ɗauka, wata tana share hawaye tana cewa, "Wayyo cikina, Ba'amurkiya!" Daga ranar bakin ya rufe. Mutanen da suka yi dariyar har gobe suna ganin ƙauna suka nuna mata.

Rumasa'u tana aiki a wani ofishin injiniyoyi a unguwar Northwest cikin birni, kullum jirgin ƙasa take bi sannan ta hau Metro, jirgin cikin gari. A jirgin take haɗuwa da Senthil, ɗan tsohuwar, mutum mai tabarau da yawan ba da haƙuri. Wata safiya ta zauna kusa da shi, ta ce masa da Turanci, "Mahaifiyata ta kawo ƙarar mahaifiyarka. Wai ba ta amsa gaisuwa."

Senthil ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. "Tawa ma ta kawo ƙarar taki. Ta ce akwai wata baiwar Allah daga Afirka da ke tare ta da Hindi kowace safiya, ta rasa laifin da ta yi mata."

"Ba yarenku ba ne?"

"Yaren wasu ne a cikinmu. Mu Tamil muke yi. Sunanta Kamalam, daga wani ƙauye kusa da Madurai take, kuma Hindi a kunnenta da Hausarku duk ɗaya ne. Mahaifina yana ɗalibi aka yi zanga-zangar ƙin a ɗora mana Hindi dole. Ba ta manta ba."

"To Indiyanci fa?"

"Babu wani abu mai wannan suna." Ya mai da tabaransa. "Harsuna ashirin da biyu tsarin mulkinmu ya ambata da sunansu. Huɗu daga cikinsu ma daga baya aka ƙara su, bayan masu su sun yi shekaru suna buga ƙofa. Waɗanda ba su shiga ba sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, suna nan suna bugawa."

Ya fara ambato mata su, Telugu, Bengali, Marathi, Kannada, Malayalam, Urdu, Santali, Bodo, jirgin na kaɗa su a hankali. Lokacin kaka ne na ƙasar sanyi, itatuwa sun yi ja da rawaya, suna wucewa ta taga kamar ana jan dogon zane. Rumasa'u ta jingina kai da gilashi. Tsakanin barci da ido biyu ta ga wani dogon soro mai ƙofofi da yawa, kowace ƙofa da farin zanen garin shinkafa a bakinta, kowace da tsohuwa a zaune tana kiran jikokinta da sunan da ita kaɗai ta san daɗinsa. Ta yi ta tafiya tana neman ƙofar da za ta ji an ce "shigo mana, 'yar nan." Ba ta kai ba aka iso tasha.

Ranar Lahadi Senthil ya kai ta makarantar da Indiyawan garin suke haya ranar da ba a karatu, don koya wa 'ya'yansu yarukansu. Soron mafarkinta ne, sai dai wannan yana da akwatunan ƙarfe na ɗalibai da warin man goge ƙasa. A wannan ƙofar ana rera baƙaƙen Tamil, a waccan Telugu, a can ƙarshe wasu 'yan tsiraru suna Kannada. Iyaye a tsaye a bakin ƙofofi da kofunan shayi, likitoci ne da injiniyoyi irin nata, sun yi aikin mako sun gaji irin gajiyarta, amma sun zo. Ta leƙa ajin da Nila take, 'yar Senthil, sa'ar Afnan. Wani yaro ya miƙe ya karanta jimla, ko ita da ba ta ji ta san ya kwafsa, don harshensa ya yi tuntuɓe sau biyu. Ta jira dariya. Malamin, wani dattijo mai furfura a kunne, ya maimaita jimlar daidai kamar yana yi wa kansa magana, ya ce wa yaron ya ci gaba. Shi ke nan. Rumasa'u ta koma mota ta zauna ta daɗe ba ta tayar ba.

Taron 'yan gida na watan ya faɗo a gidan Dokta Almu. An ci tuwo, an sha zoɓo, maza sun gyara Najeriya daga kan kujera har sun kai ga wutar lantarki. Rumasa'u ta nemi izini ta yi magana. Ta ba su labarin ƙofofin, ta ce hayar aji ɗaya ba ta fi ƙarfin mutum biyu a falon nan ba, ta ce ita za ta koyar kyauta.

Dokta Almu ya gyara zaman hula. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma Hausa? Wa ya isa ya kashe Hausa? Daga Agadas har Kumasi ana yin ta. A garin nan ma, can unguwar Southwest, kullum sai an watsa labarai da ita a rediyo duniya ta ji. Su Indiyawa yarukansu ne suka yi musu yawa, shi ya sa suke tsoro. Mu namu ɗaya ne, kuma ya tsaya da ƙafarsa."

"Gaskiya ne, Baba," in ji wani. "Yara in sun je gida hutu za su ɗauka."

"Yaushe rabon naka da gida?" in ji Rumasa'u.

Mijinta Rilwanu ya yi gyaran murya. Ba ta dube shi ba.

"Baba, ka gafarce ni. Hausa ba za ta mutu a Kano ba, na yarda. A ɗakin ƙasan gidan nan take mutuwa. A yi shiru a saurara."

Aka yi shirun, ba don an so ba. Daga ƙasa hayaniyar yara ta taso ta matattakala, ana gardama a kan wasan kwamfuta, 'ya'yan Kano da Zariya da Jos da Maraɗi, babu ko "kai" ɗaya a ciki.

"Kuma idan ɗayansu ya kuskura ya gwada," in ji ta, "mu muke fara yi masa dariya. Mu ɗauka a waya mu tura gida a taya mu."

Wata mata ta ce, "A'a, Maman Afnan, wasa ne fa."

Dokta Almu ya ɗaga hannu, fuskarsa cike da haƙurin manya. "Magana ce mai kyau. A kafa kwamiti, in sha Allahu bayan Sallah a duba." Aka shafa fatiha, aka kawo kankana. Duk wanda ya san mu ya san inda ake binne magana: a cikin kwamiti, bayan Sallah.

Ta dawo gida da wutar a ƙirjinta, kuma da ba ta sami inda za ta sauke ba sai ta sauke a kan yarinyar. Ta kafa doka: daga yau babu Turanci a gidan nan. Wanda ke son ruwa ya ce ruwa. Afnan ta dube ta, ta je ta ɗebo ruwan da kanta. Kwana ya bi kwana, yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma nuni da yatsa. Turancin ya tafi, Hausar ba ta zo ba.

"Kin mai da gidan kotu," in ji Rilwanu yana ɗaura takalmi zai tafi asibiti. "Ni kaina tsoron buɗe baki nake."

"To mu zauna kamar su Baba? Mu jira bayan Sallah? Hajiya tafiya za ta yi, Rilwanu. Hawan jini gare ta, ga ciwon ƙafa. Ka tabbata za ta sake hawa jirgin nan?"

Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Hajiya ce ta amsa daga kan darduma, ba tare da ta juyo ba. "Ke dai tun kina ƙarama ba kya jiran abinci ya huce. Ƙullu ma sai an rufe shi an bar shi ya kwana yake tashi."

Maganar ƙullu tana bakin Hajiya ne saboda waina na ranta. Ta taho da tandar ƙasa tun daga Kano, a naɗe cikin zannuwa, don ta soya wa jikarta waina da hannunta, aka buɗe akwati aka tarar da ita gutsu-gutsu. Ta gwada a kaskon suyar ƙwai, abin ya fito a baje, ta ce wannan ko sinasir ba zai yarda ɗan uwansa ne ba.

Wata safiya, bayan kowa ya fita, wani ƙamshi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ɗan tsami-tsami, da mai mai zafi, da albasa. Hajiya ta ajiye carbi. Ta san wannan ƙamshin kamar yadda ta san muryar mahaifiyarta. Ta bi shi, ta tsallake farin zanen a hankali, ta ƙwanƙwasa. Da Kamalam ta buɗe, Indiyancin duk ya gudu daga kan Hajiya, abin da ya fito shi ne, "Baiwar Allah, don girman Allah me kike soyawa?"

Kamalam ta dube ta, ta dubi hancinta da ke buɗewa, ta kama hannunta ta ja ta har kicin. A kan wuta ga wani baƙin ƙarfe mai ramuka, kowane rami da farin ƙullu yana kumbura.

"La'ilaha illallahu! Tanda!"

"Paniyaram," in ji Kamalam.

"Waina dai. Wa ya koya muku?"

Kamalam ta ba da amsa mai tsawo da Tamil. Hajiya ta ce, "Ƙwarai kuwa, ai shinkafar ƙasar nan ba ta da danƙo." Suka yi hira har azahar, kowace da harshenta, babu wadda ta ji ko kalma, babu kuma wadda ta gaji.

Asabar ɗin ƙarshe kafin tafiyar Hajiya, Rumasa'u ta fita sayen tsaraba. Ta dawo da jakunkuna a hannu, zuciyarta a mace, ta riga ta sallama. Ta tarar da ƙofarsu a buɗe, gidan ba kowa, ƙofar su Kamalam ma a buɗe, murya na tashi daga ciki. Ta ajiye kayan ta leƙa.

Hajiya ce a gaban murhu da ludayi, ga robar ƙullunta da ta kwaɓa tun jiya. Kamalam na zaune a kujera saboda gwiwa, Nila a gefenta, Afnan kuma a tsaye kusa da kakarta riƙe da faranti. Tandar ƙarfe ba ta ƙasa ba ce. Ramukanta ƙanana ne masu zurfi, kuma idan ta ɗau zafi ba ta saki. Hajiya ta cika kowane rami fal, wuta na ci a ƙasa kamar ta gidan biki. Gefen wainar ya fara baƙi.

Kamalam ta ɗaga hannu tana faɗa da sauri. Nila ta juya wa Afnan da Turanci: "Kakata ta ce ki gaya wa kakarki ta rage wuta, kuma rabin rami ake zubawa."

Afnan ta taɓa zanen Hajiya, ta nuna murhu da yatsa. Hajiya ba ta duba ba. Idonta na kan tanda, tana ƙara mai.

Hayaƙi ya fara tashi. Kamalam ta ƙara murya, tana nuna na'urar da ke manne a rufi, wadda in ta ji hayaƙi take tara wa mutum duk benen. Nila ta ce, "Afnan, yi sauri mana!"

Maganar ta riga ta zo bakin Rumasa'u. Kalma uku ce, ta faɗa a wuce wurin. Duk rayuwarta ita ce mai faɗa idan kowa ya yi shiru. Ta kama gefen ƙofa ta riƙe, ta cije leɓe, ta tsaya tana kallon hayaƙin yana naɗewa a hasken taga, fari, yana lanƙwasa kamar zanen bakin ƙofa.

"Kaka."

Muryar Afnan ce, ƙarama.

"Kaka, ta ce... ki rage wuta. Wuta ya yi yawa."

Harshen ya karkata inda ya saba karkata. Rumasa'u ta rufe ido tana jira, don ta san uwarta, mace ce da dariya ba ta yi mata wuya.

"To," in ji Hajiya. Ta murɗa wutar ta yi ƙasa. "Sai me ta ce?"

"Ta ce... kaɗan. Ki zuba kaɗan. Rabi."

"Rabi. To tambayar min ita, da me take juyawa? Cokalin nan ya yi girma."

Tambayar ta tafi daga Afnan zuwa Nila, daga Nila zuwa Kamalam, amsar ta dawo ta hanyar da ta bi, tare da wani siririn tsinke.

"Ta ce da wannan sanda."

"Tsinke. Miƙo tsinken, ƙawata. Ce mata ƙullunta ya fi nawa tsami, me take sawa?"

Haka suka yi ta yi. Tamil ta zama Turanci, Turanci ya zama Hausa, Hausa ta juya ta koma. Aka gano Kamalam wani ɗan farin wake take haɗawa da shinkafar, Hajiya ta ce a gaya mata wannan bidi'a ce amma za ta gwada. Kamalam ta ce a tambaya don me ake sa sukari a abin da za a ci da miya. Inda kalma ta ɓace wa Afnan, Hajiya takan ajiye mata ita a hanya kamar ba da gangan ba, yarinyar ta ɗauka ta wuce. Wainar farko ta ƙone, aka zubar. Ta biyu ta fito ƙanana, zagaye, masu ruwan zuma. Afnan ta ɗauki ɗaya tana hurawa.

"Da zafi," in ji ta, ba wanda ya tambaye ta.

Sai da suka koma gida, Afnan ta tsaya can wajen Nila, Rumasa'u ta sami uwarta tana wanke ludayi.

"Hajiya, tun kafin a haife ni kike waina. Yau ne ba ki san wuta ta yi yawa ba sai an gaya miki?"

Hajiya ta ɗauraye ludayin, ta kife shi, ta goge hannu da gefen zane.

"Tandar ba tawa ba ce," in ji ta. "Ke, je ki kira min Afnan. Ki ce ta zo ta tambayar min matar nan inda ake sayar da irinta, kafin in tafi."